Suna Linzami: Nazari a kan Tallar Abincin Indiya da na Pakistan a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

Wataƙila wani ɗan'uwa ya buɗe wannan mujalla ya ga kan maganar nan ya ce, me ya haɗa masu nazarin Hausa da tukunyar mutanen Indiya? Amsar ita ce, malamanmu sun koya mana cewa talla reshe ce ta adabin baka. Yarinyar da ke yawo da ƙwaryar fura tana rera kiran masu saye, da mahaucin da ke yi wa tsirensa kirari, duk mukan ɗauki maganarsu mu feɗe ta a aji, mu nemi jigonta da salonta. To, allon da mai gidan abinci ke kafawa a ƙofarsa, da takardar jerin abincin da ake miƙa wa baƙo idan ya zauna, su ma talla ce, sai dai rubutacciya. Tana da jigo, tana da zubi da tsari, tana da abin da take faɗa da abin da take ɓoyewa. Ita nake so in ɗora a kan faifan nazari.

Na zaɓi gidajen abincin mutanen Indiya da na Pakistan da ke Ingila domin su na sani, a cikinsu na ci, da masu su na zanta. Abin da na fahimta a ƙarshe shi ne, allon ƙofa labarin mai saye yake bayarwa, ba labarin mai girki ba. Zan yi ƙoƙari in nuna yadda hakan ta faru, da wanda ya ci riba, da wanda ya yi hasarar sunansa.

Yadda Abin Ya Faro

Sa'ad da aka tura ni Ingila ƙaro ilmi, damuwata ta farko ita ce inda zan sami naman da aka yanka bisa ƙa'ida. Aka nuna mini wani gida kusa da masaukinmu, an rubuta a ƙofarsa da manyan baƙaƙe cewa gidan abincin Indiya ne, an kuma zana hoton giwa da na ginin nan mai ƙubba da ke Agra. Ni kuwa, kamar sauran samarin da suka tashi da kallon finafinan Indiya, ina da 'yan kalmomin Indiyanci a aljihu. Da mai kawo abinci ya zo, sai na saki masa gaisuwar da na koya a bakin jaruman fim. Mutumin ya yi murmushi, ya yi mini sallama irin ta Musulmi, sa'an nan ya ce da Turanci, "Ɗan'uwa, ni ma a fim na koyi wannan harshe." Ashe shi da mai gidan da mai girkin duk mutanen Silhet ne ta ƙasar Bangaladash.

Bayan 'yan watanni na koma gidan da abokan karatuna biyu, ɗaya mutumin Lahor ta Pakistan, ɗaya kuma Batamile daga kudancin Indiya. Batamilen ya karanta jerin abincin daga sama har ƙasa, ya ajiye, ya ce babu ko ɗaya a ciki da mahaifiyarsa ta taɓa dafawa. Mutumin Lahor kuwa ya ce rabin sunayen nan na gidansu ne, amma an cika wa miyar sukari da madara har ba ya gane ta. Watau ɗan Indiya ya zama baƙo a gidan da ke ɗauke da sunan ƙasarsa, ɗan Pakistan ya ga kayan gidansu da sunan maƙwabci, mai girki kuma ba ɗan ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ne. Da dare ya yi, aka rage baƙi, na leƙa ɗakin girki in yi sallama, sai na tarar da ma'aikatan sun zauna suna cin farar shinkafa da miyar kifi da hannu. Wannan abinci, wanda shi ne na gidansu, babu shi a takardar da suke miƙa wa jama'a.

Ina Bambancin Yake?

Kafin mu yi hukunci a kan talla, sai mu san hajar. Har zuwa watan Agusta na 1947 kusan duk yankin ƙasa ɗaya ce a hannun Turawan Ingila. Da za su tafi, aka ɗauko wani lauya mai suna Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi kimanin makonni biyar ya shata iyaka. Layin da ya ja ya raba lardin Fanjab gida biyu, ya raba Bengal gida biyu. Birnin Lahor ya faɗa Pakistan, Amritsar ya faɗa Indiya, alhali tsakaninsu bai wuce kimanin kilomita 50 ba. Mu da muka san yadda Katsina da Maraɗi suke, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Layi a takarda ba ya sauya miyar da ke kan murhu. Bafanjaben Lahor da na Amritsar duk gurasar alkama suke ci, duk suna shan kindirmon da aka dama, duk suna son man shanu, duk suna gasa gurasarsu a tandur, watau irin tanderun da matan Kano ke manna gurasa a jikinsa. Kalmomin nan biyu ma dangin juna ne.

Saboda haka tazarar da ke tsakanin abincin Amritsar da na kudancin Indiya ta fi wadda ke tsakanin na Amritsar da na Lahor nesa ba kusa ba. A kudu shinkafa ce sarauniya. Suna jiƙa ta da wani irin ƙaramin wake, su niƙa, su bari ya kwana ya tashi, su yi idli, mai kama da wainar da aka turara, da dosa, mai kama da sinasir amma ya fi shi faɗi da ƙarancin kauri. Miyarsu ta tsamiya ce da kwakwa. A Bengal kifi ne da shinkafa da man wani tsiro mai yaji. A Gujarat ganye ne da wake da ɗan zaƙi a cikin miya. Mabiya addinin Jain kuwa, masu tsanantawa daga cikinsu, ko albasa da tafarnuwa da dankali ba su ci. Duk waɗannan Indiya ce. Ita ma Pakistan ba tukunya ɗaya ba ce: mutanen Feshawar suna da chapli kebab, niƙaƙƙen nama da ake faɗaɗawa a soya a kitse, kuma ba su cika yaji ba, mutanen Balucistan suna da sajji, rago ko kaza da ake kafawa a tsinke a gefen wuta kamar yadda ake kafa tsire, mutanen Sindh suna da biryani, dafa-dukar shinkafa mai yaji da dankali a ciki.

Amma kada a ce babu bambanci sam. Akwai shi, kuma mafi yawansa a kan nama yake. Pakistan ƙasar Musulmi ce, nama shi ne ginshiƙin girkin biki da na kasuwa, naman sa kuma abinci ne na kowa. A Indiya saniya abar girmamawa ce ga mabiya addinin Hindu. Sashe na 48 na tsarin mulkin ƙasar ya umurci hukuma ta yi ƙoƙarin hana yanka ta, jihohi da yawa kuma sun kafa doka a kan haka. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 39 bisa 100 na manyan mutanen Indiya sun ce ba su cin nama. Wannan ne ya sa girkin ganye da wake da cukun da suke kira paneer ya bunƙasa a can fiye da ko'ina. Duk da haka, ƙidayar 2011 ta sami Musulmi kimanin miliyan 172 a Indiya, kuma garuruwa irin su Lucknow da Haidarabad sun shahara da girkin nama tun zamanin sarakunansu. A jihar Kerala ma ana cin naman sa a fili.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙasashen biyu suka yi musayar tukwane a 1947. Nihari farfesu ne na naman sa da ɓargo da ake bari a wuta dare guda a ci da safe. Sunan ma daga kalmar Larabci ta nahar ya fito. A garuruwan Musulmin arewacin Indiya ya tashi, musamman tsohon birnin Delhi da Lucknow. Masu hijira suka tafi da shi Karaci da Lahor, har ya zama abincin da 'yan Pakistan ke kira na ƙasa. A ɗaya hannun kuma, Kundan Lal Gujral da abokan sana'arsa, mabiya Hindu da ke aiki a wani gidan abinci a Feshawar, suka gudo Delhi, suka buɗe Moti Mahal a unguwar Daryaganj. Daga nan kazar tanderu da kaza mai man shanu suka yi suna, har suka zama tutar abincin Indiya a duniya. A 2024 magadan waɗannan abokan sana'a sun kai juna gaban babbar kotun Delhi a kan wanda ya ƙago kaza mai man shanu. Watau abincin ƙasar Pakistan haifaffen Delhi ne, tutar Indiya kuma da ƙurar Feshawar a ƙafarta. Duk wanda ya san wannan zai yi hattara da allon da ke cewa wannan na wane ne.

Jigo: Sunan da ke Allo

Yanzu sai mu koma ga tallar. Gidan farko da aka sani na irin wannan abinci a Landan shi ne Hindoostane Coffee House, wanda Sake Dean Mahomed, mutumin Patna, ya buɗe a 1810, ya karye cikin shekara biyu. A 1926 aka buɗe Veeraswamy a titin Regent. Waɗannan gidaje an yi su ne domin Turawan da suka yi aiki a Indiya suka dawo gida da ƙwaɗayin yaji. A lokacin kalmar Indiya gaskiya ce, domin babu wata ƙasa sai ita.

Waɗanda suka yaɗa sana'ar a kowane lungu na Birtaniya kuwa mutanen Silhet ne. Da yawansu ma'aikatan jiragen ruwan Ingila ne da suka sauka a tashoshi suka zauna, suka fara da wanke-wanke a ɗakunan girki, suka tara kuɗi suka sayi ƙananan shaguna, suka kira 'yan'uwansu. Har yau su ne ke da mafi yawan gidajen da ake kira na Indiya a ƙasar. Mai karatu ya dubi wannan al'amari: mutumin da aka haifa a Silhet a 1940 ɗan Indiya ne har ya shekara 7, ɗan Pakistan ne daga 1947 zuwa 1971, daga nan ya zama ɗan Bangaladash. Ƙasarsa ta sauya suna sau biyu, allon ƙofarsa bai sauya ko sau ɗaya ba. Dalili kuwa, Baturen da ke shigowa Indiya ya sani.

Ku dubi sunayen da ake zaɓa: Taj Mahal, Koh-i-Noor, Maharaja, Raj, Tauraron Indiya. Duk sunaye ne na sarauta da lu'ulu'u da zamanin mulkin mallaka. Babu sunan ƙauyen mai gida, babu sunan kogin da ya yi wanka a ciki yana yaro. Jigon wannan talla shi ne a tuna wa mai saye da Indiyar da ke cikin kansa. Har ila yau akwai wani rashin daidaito a ciki. Sarki Shah Jahan da ya gina Taj Mahal a Agra shi ne ya sa aka yi lambun Shalimar a Lahor, ɗansa Aurangzeb kuma ya gina babban masallacin Badshahi a can. Gadon sarakunan Mughal, har da girkinsu, na ƙasashen biyu ne. Amma a kasuwar Turai sunan Indiya ya haɗiye gadon gaba ɗaya.

Mutanen Pakistan sun bi wata hanya dabam. Da yawa daga cikin waɗanda ke Biradfod da Bamingam mutanen Mirpur ne, ta yankin Kashmir da ke hannun Pakistan. Madatsar ruwa ta Mangla, wadda aka gama a 1967, ta tashi mutane fiye da dubu 100, wasu daga cikinsu suka bi 'yan'uwansu zuwa masaƙu da ma'aikatun ƙarfe na Ingila. Gidajen abincinsu na farko domin ma'aikatan nan aka buɗe su, gwagware masu fitowa daga aikin dare. Tun da mai saye ɗan gida ne, ba a bukatar giwa. Sai ka ga an rubuta Lahor, ko Karaci, ko Kashmir, ko Khyber. A gabashin Landan akwai Tayyabs da Lahore Kebab House, dukansu tun 1972. A Dubai akwai Ravi, mai sunan kogin Lahor, tun 1978. Alhazanmu ma sun san gidajen 'yan Pakistan a Makka da Madina, inda ba wanda ke ɓoye sunan garinsu. To, ka ga ka'idar: inda mai saye baƙo ne, sai a kira ƙasar da ya sani, inda mai saye ɗan gida ne, sai a kira gari.

Ba a Ingila kaɗai abin ya tsaya ba. A birnin Niyu Yok, jerin gidajen Indiya da suka yi tashe a titi na 6 na gabas mafi yawansu na mutanen Silhet ne. A Japan, gidaje da yawa masu sunan Indiya mutanen Nepal ne ke girki a cikinsu. A Shikago kuwa, a titin Devon, an raɗa wa wani sashe sunan Gandhi, wani sashe sunan Jinnah, masu shaguna da dama suka haɗa sunayen ƙasashen biyu a allo ɗaya domin kada ko wane mai saye ya wuce.

Zubi da Tsari: Takardar Jerin Abinci

Idan allo shi ne sunan littafi, takardar jerin abinci ita ce cikinsa. Wanda ya ci a gida uku ko huɗu zai ga cewa zubinsu ɗaya ne, kamar an kwafa daga allo guda. Kana zaɓen nama: kaza, ko rago, ko jatan lande. Sa'an nan ka zaɓi miya, an jera su bisa tsani, daga marar yaji zuwa mai sa hawaye: korma, bhuna, madras, vindaloo, phall. Asirin kuwa yana ɗakin girki. Akwai babbar tukunya guda ta miyar albasa da kayan yaji da ake dafawa tun da rana. Duk abin da ka nema, daga cikinta za a ɗebo, a zuba a kasko, a ƙara barkono ko madara ko tumatir, cikin 'yan mintoci a kawo maka. Dabara ce ta mai neman ciyar da mutum ɗari a dare guda, kuma ta yi aiki. Amma ta mayar da sunaye masu tarihi matakan yaji kawai.

Alal misali, korma a gidan sarakunan Mughal nama ne da ake dafawa a hankali da kindirmo da man shanu. A nan ta zama miya mai zaƙi ta masu tsoron barkono. Vindaloo kuwa abincin Kiristocin Goa ne, yankin da mutanen Fotugal suka riƙe daga 1510 zuwa 1961. Sunan daga harshen Fotugal yake, asalinsa naman alade ne da ruwan tsami da tafarnuwa. Masu girki Musulmi suka cire aladen, suka riƙe sunan, suka tula barkono, wasu har suka jefa dankali saboda ƙarshen kalmar ya yi kama da sunan dankali a harshensu. Madras sunan birni ne, wanda ma aka sauya zuwa Chennai a 1996, kuma mutanen birnin ba su san wata miya mai wannan suna ba. Phall a Bamingam aka ƙago ta. Ita kanta kalmar kori, da muke sayen garinta a ƙulle a kasuwanninmu, Turawa ne suka ɗauko ta daga harshen Tamil suka yafa wa kowace miya. A can kowace miya da sunanta, kamar yadda ba za ka tara kuka da kuɓewa da taushe ka kira su da suna ɗaya ba.

Akwai kuma abin da takardar ta yi shiru a kai. Babu alade, domin mai gida Musulmi ne. Naman sa kaɗan ne, domin allo ya ce Indiya. Babu nihari, babu paya, watau farfesun ƙafa, babu haleem, faten alkama da nama da ake tuƙawa sa'o'i da yawa, domin waɗannan ba su shiga tsarin tukunya guda. Babu kifin Silhet. Amma akwai giya, domin cinikin dare a Ingila da ita yake tafiya. Har wani ɗan Indiya, Karan Bilimoria, ya kafa kamfanin Cobra a 1989 musamman domin irin waɗannan gidaje. Gidajen 'yan Pakistan da yawa kuwa ba su sayar da ita. Wannan kaɗai ya isa ya raba masu shiga gidajen biyu.

Taurari Biyu

Abinci biyu ne suka fi yin suna a Birtaniya, kuma dukansu suna ƙarfafa abin da nake faɗa. Na farko shi ne chicken tikka masala, gasasshiyar kaza a cikin miyar tumatir da madara. A 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya bayyana shi a matsayin abincin ƙasa na gaskiya. Ana jayayya a kan wanda ya fara yin sa. Wasu sun ce masu girki 'yan Bangaladash ne. Wanda ya fi shahara da da'awar shi ne Ali Ahmed Aslam, mai gidan Shish Mahal a Gilasgo, wanda ya rasu a 2022, haifaffen yankin Lahor. Ko wanne ne gaskiya, ba ɗan jamhuriyar Indiya ba ne, amma a ƙarƙashin sunan Indiya duniya ta san abincin.

Na biyu shi ne balti, wanda ya bayyana a Bamingam wajen ƙarshen shekarun 1970 a hannun 'yan Pakistan mutanen Kashmir. Ana dafa shi da sauri a wani ɗan kaskon ƙarfe marar kauri mai hannu biyu, a kawo shi a cikin kaskon, a ci da gurasa. Ya yi tashen da har aka yi wa unguwar da ke kewayen titin Ladypool laƙabi da shi, ko da yake gidajen sun ragu ƙwarai daga baya. Da ya karɓu, sai gidajen Indiya suka ƙara shi a jerinsu, manyan kantuna suka zuba shi a kwalba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Uzurin Masu Gida

Mai nazari na gari ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake tuhuma. Na taɓa tambayar mai gidan nan na kusa da masaukinmu me ya hana shi rubuta sunan ƙasarsa. Ya ce, "Ɗana, ni haya nake biya, ba darasin tarihi nake koyarwa ba." Maganarsa tana da nauyi. Mutanen nan sun zo ba su da komai, sun gina sana'ar da ta ciyar da dubban iyalai, ta ilmantar da 'ya'yansu. Bugu da ƙari, a shekarun 1970 ɓatagarin Turawa sun gutsure kalmar Pakistan sun mayar da ita zagi, suna jifan duk mai launin fatar yankin da ita, suna dukan mutane a titi. A watan Mayu na 1978 aka kashe wani matashi ɗan Bangaladash, Altab Ali, a gabashin Landan, yana komawa gida daga aiki. Akwai dandali mai sunansa a wurin. A irin wannan hali, wanda ya rubuta Indiya a ƙofarsa yana kare gilashin tagarsa ne da ransa. Ban ga laifinsa ba.

Inda nake ganin aibi shi ne a dawwamar abin bayan dalilinsa ya yi rauni, da kuma ragwancin mai saye da ba ya tambaya. Suna dukiya ce. Indiya ta nemi Tarayyar Turai ta yi mata rajistar sunan shinkafar basmati, aka buga buƙatar a 2020, Pakistan ta tashi ta ƙalubalanta, domin a ɓangarorin Fanjab biyu ake noma ta. Gwamnatoci ba su yin irin wannan shari'a a kan banza. Haka kuma, da gidajen alfarma suka fara samun tauraron Michelin a Landan a 2001, watau Tamarind da Zaika, sunan Indiya ne ya hau sama, ya sami damar tsawwala farashi. Abincin Pakistan ya daɗe a matsayin na araha, na mai yunwa da tsakar dare. A 2024 gidan Opheem na Bamingam ya sami taurari biyu; mai shi, Aktar Islam, iyayensa 'yan Bangaladash ne, amma a sahun gidajen Indiya ake lissafa shi.

Duk da haka al'amura suna sauyawa. Gujaratawan da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972 sun buɗe gidajen ganye a Lesta da Wembley da sunan yankinsu. Tamilawa suna sayar da dosa da sunanta a gabashin Landan da kudancinta. Unguwar Brick Lane ta karɓi laƙabin Banglatown. Jikokin masu hijira kuma, waɗanda ba su jin tsoron da kakanninsu suka ji, sun fara rubuta Lahor da Silhet da Kerala a ƙofa ba tare da neman afuwa ba.

Kammalawa

Hukuncina a taƙaice shi ne, tallar nan ta yi nasara a kasuwa, ta gaza a wajen gaskiya. Ta ɗauki ɗaruruwan tukwane ta zuba a tukunya ɗaya, ta liƙa mata sunan da baƙo ya sani. Maganinta kuma ba shi ne a sauke allon Indiya a kafa na Pakistan ba, domin wannan ma wata dunƙulewar ce. Abinci ɗan gari ne kafin ya zama ɗan ƙasa. Allon da ya ce Lahor, ko Feshawar, ko Haidarabad, ko Goa, ya fi kusa da gaskiya, ya kuma fi girmama wanda ya ƙona hannunsa a murhu.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan magana ta shafe mu. Tsire da kilishi sana'ar mahautanmu ce tun kaka da kakanni, a ɓangarori biyu na iyakar Nijeriya da Nijar. Yau ana sayar da suya a Landan da sunan abincin Nijeriya, wani lokaci ma da sunan Afirka baki ɗaya, sau da yawa ba a ko ambaci Bahaushe ba. Ba na cewa a hana kowa gasa nama. Ina cewa ne, idan ba mu rubuta tarihin abincinmu da sunayensa da garuruwansa ba, kamar yadda muke rubuta na waƙa da tatsuniya, wani zai raɗa masa sunan da ya dace da kasuwarsa, mu kuma mu zo muna saye.

Daren da zan bar Ingila na koma gidan nan in yi ban kwana. Mai kawo abinci ya miƙo mini takarda kamar kullum, na mayar masa, na ce abin da suke ci a ciki nake so. Ya shiga ya daɗe, sai ga mai girkin da kansa ya fito da kwanon shinkafa da miyar kifi mai ɗan tsami, ya ajiye a gabana, ya tsaya yana kallo har na kai loma ta farko. Da na nemi biya, mai gida ya ce ai wannan ba shi da farashi, domin ba a taɓa rubuta shi ba.